Mashahuran Mutanen Manchesta, Garin Auduga

A arewa maso yammacin ƙasar Ingila, kamar mil 35 daga Libaful inda tashar jiragen ruwa ta ke, akwai wani babban birni ana ce da shi Manchesta. Yaran zamanin yanzu, ko a Kano ko Kumasi ko Yamai, in an ambaci sunan nan ba abin da zai faɗo musu a rai sai ƙwallon ƙafa. Amma kakanninsu da yadi suka san shi. Tun a 1851, sa'ad da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga kasuwar Kano, ya tarar da akoko da alawayyo na Manchesta a cikinta, waɗanda aka ɗauko a bayan raƙuma aka ratso hamada da su.

Abin mamaki shi ne auduga ba ta yi a Ingila ko kaɗan, don sanyi ya yi mata yawa. Duk abin da aka kaɗa aka saƙa a Manchesta cikin jirgin ruwa aka kawo shi daga wata ƙasa. Abin da garin ya ke da shi dai shi ne kwal a kusa, na hura injin tururi, da ruwa mai yawa, da iska mai laima wadda ba ta barin zare ya bushe ya riƙa tsinkewa. A 1801 mutanen garin wajen 70,000 ne. Kafin 1851 sun wuce 300,000, masaƙu kuwa sun fi 100, ko'ina ka duba sai bututun hayaƙi.

To, yadda audugar ta ke baƙuwa, haka yawancin mutanen da suka yi wa garin suna. In mutum ya bi sunayen da aka sa wa tituna, da mutum-mutumin da aka kakkafa a dandali, zai ga 'yan asalin garin kaɗan ne a cikinsu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, watau da rana ta ɗaga sai a neme shi a rasa. Raɓar Manchesta kuwa ba ta cika bushewa da hantsi ba.

Na farko da ya kamata a ambata shi ne John Dalton. An haife shi a 1766 a wani ƙauye can arewa, wai shi Eaglesfield, ubansa talaka ne, masaƙi. Tun yana ɗan shekara 12 ya fara koyar da yara 'yan'uwansa a ƙauyen. A 1793 ya zo Manchesta aikin koyar da lissafi, nan ya zauna har ƙarshen ransa. Bai yi aure ba, kuma kowace rana ta Allah sai ya rubuta yadda gari ya waye, zafi da sanyi da iska da ruwan sama, ya yi shekara 57 yana yin haka.

Abin da ya sa a ke tunawa da shi shi ne bayanin ƙwayar zarra. Tun zamanin Yunanawa wasu masu hikima sun ce kowane abu, in aka yi ta tsaga shi, daga ƙarshe za a kai ga wata ƙwaya wadda ba ta tsaguwa. Amma wannan zance ne kawai, ba wanda ya iya yin aiki da shi. Abin da Dalton ya ƙara shi ne awo. Ya ce ƙwayar kowane sinadari tana da nauyinta dabam, ta ƙarfe dabam, ta farar wuta dabam, kuma in za su haɗu su zama wani abu, da ƙidaya su ke haɗuwa, ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, ba a hargitse ba. Ya buga wannan cikin littafi a 1808. Ya yi kuskure a wasu wurare. Alal misali ya zaci ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya, alhali ta haidirojin biyu ce. Duk da haka bisa hanyar da ya share masana suka bi har suka gyara masa.

Akwai wani labarinsa mai ban sha'awa. Dalton ba ya rarrabe launi kamar sauran mutane. Wani fure da kowa ke cewa ja-ja ne, shi shuɗi ya ke ganinsa da rana. A 1794 ya yi wa ƙungiyar masana ta garin bayanin wannan lalura, har yau kuwa a Faransanci da sunansa a ke kiranta. Shi a zatonsa ruwan cikin idonsa ne ya ke da launin shuɗi, saboda haka ya bar wasiyya in ya mutu a ciro idanun a duba. Da ya rasu a 1844 likita ya cika wasiyyar, ya tarar ruwan garau ya ke, watau zaton malamin bai yi daidai ba. Aka adana idanun. Sai a 1995, bayan shekara 151, masana suka gwada ɗan abin da ya rage, suka gane gado ne, idon ba shi da abin da ke kama launin kore. Kafin a binne shi mutum wajen 40,000 suka bi layi suka wuce ta gaban akwatin gawarsa. Ba a saba yi wa malamin lissafi haka ba a ko'ina.

Cikin yaran da ya koyar akwai James Joule, ɗan wani mai masana'antar giya a Salford, garin da kogi kaɗai ya raba shi da Manchesta. Shi ne ya sa nauyi ya riƙa juya wata 'yar fanka cikin ruwa, yana auna yadda ruwan ke ɗumi, har ya tabbatar aiki da zafi abu ɗaya ne, ɗaya na rikiɗa ya zama ɗaya bisa ƙa'ida. Da sunansa a ke kiran ma'aunin ƙarfin aiki yanzu. A ƙofar babban zauren hukumar birnin an kafa mutum-mutuminsa da na malaminsa, suna fuskantar juna.

Waɗannan sun duba abin da ke cikin kwalba. Akwai kuma waɗanda suka duba abin da ke cikin lungu, kuma babbansu Bajamushe ne, Friedrich Engels. Ubansa attajiri ne, yana da rabo a wata masana'antar zaren ɗinki a Salford. Da ya ga ɗan nasa ya fara ɗaukar ra'ayin 'yan tawaye a Jamus, sai ya turo shi Manchesta a 1842, yana ɗan shekara 22, wai ko ciniki ya sa ya natsu. Ashe wuta aka kai wa kara. Da rana yana ofis yana rubuta lissafi, da yamma kuwa wata yarinya ma'aikaciya 'yar asalin Ailan, Mary Burns, ta kan ja shi unguwannin da mai kuɗi ba ya shiga. Gani ya kori ji. Ya ga iyali guda cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ruwan kogi na tsattsafowa ta daɓe. A wata unguwa ta mutanen Ailan ya ce mutum wajen 120 ne ke tarayya a salga guda. Kada mai karatu ya ce ƙari ne irin na saurayi mai zafin kai: a shekarar da ya iso, wani ma'aikacin gwamnati, Edwin Chadwick, wanda shi haifaffen Manchesta ne, ya buga rahoto ya nuna in aka haɗa shekarun waɗanda suka mutu cikin iyalan leburorin garin aka raba, shekara 17 ke fitowa, alhali na manoman gundumar Rutland 38 ne. Yawan mutuwar jarirai ne ya jawo lissafin ƙasa haka.

Engels ya rubuta littafi a kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki, aka buga shi da Jamusanci a 1845. A wannan shekara ya kawo abokinsa Karl Marx Manchesta, suka riƙa zama suna karatu a tsohon ɗakin littattafan Chetham, teburin da suka zauna yana nan har yanzu. A 1850 ya komo garin, ya yi kusan shekara 20 yana aikin kamfanin da ya ƙi jini. Ya kan hau doki ya fita farauta tare da manyan attajirai, sa'an nan ya koma gida ya aika wa Marx kuɗi a Landan don ya sami sukunin rubutu. Watau dai babban littafin aƙidar gurguzu, wanda kashinsa na fari ya fito a 1867, da ribar masaƙa aka ci abinci aka rubuta shi. Ko wannan munafunci ne ko sadaukar da kai, mutane ba su daina gardama a kai ba. A 2017 aka ɗauko wani tsohon mutum-mutuminsa daga ƙasar Yukren, inda aka tumɓuke shi bayan faɗuwar gurguzu, aka kafa a tsakiyar Manchesta.

Wata mace ma, Elizabeth Gaskell, matar wani limamin coci, haifaffiyar Landan, ta ga abin da Engels ya gani, amma ita sai ta mai da shi ƙagaggen labari mai suna Mary Barton, a 1848. Masu masaƙu da yawa sun ji haushinsa, alhali wasunsu a cocin mijinta su ke ibada.

A tsakiyar garin akwai wani fili da labarin siyasar Manchesta ke kewayawa yana komowa gare shi, watau filin St Peter. Ran 16 ga Agusta 1819 mutane kamar 60,000 suka taru a nan, maza da mata da yara, suna neman a ba su wakili a Majalisar Dokoki, don duk girman garin a lokacin ba shi da nasa ko ɗaya. Mahukunta suka tsorata, suka sa sojan doki suka auka wa taron da takubba. Mutum 15 a ƙalla suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Shekara huɗu kafin nan sojan Ingila suka ci yaƙin Waterloo, saboda haka aka yi wa wannan rana suna Peterloo, don ba'a ga sojan da suka nuna jarumtarsu a kan masaƙa marasa makami. Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwar auduga, John Edward Taylor, shi ma ba a garin aka haife shi ba, ya kafa jaridar Manchester Guardian, wadda yau a ke kira Guardian kurum.

A wannan fili aka gina babban zauren taro na masu neman a saki ciniki. Jagoransu Richard Cobden ne, ɗan wani manomi daga kudancin Ingila, wanda ya zo Manchesta ya yi arziki da buga zane a jikin yadi. A lokacin akwai doka mai ɗora haraji mai nauyi a kan hatsin da a ke kawowa daga waje, don amfanin masu manyan gonaki, burodi kuwa ya yi wa talaka tsada. Cobden da abokinsa John Bright, mutumin Rochdale, suka yi shekara bakwai suna yawon wa'azi a kan dokar har aka soke ta a 1846. Ma'aikata da yawa ba su yarda da su ba, suna cewa masu masaƙu na son burodi ya yi araha ne don kada su ƙara albashi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma dai burodin talaka ya ci.

Akwai wani mutum-mutumi a Manchesta na wanda bai taɓa sa ƙafa a garin ba, watau Abraham Lincoln, shugaban Amurka. Dalilinsa shi ne mafi nauyi cikin labarin nan duka. Yawancin audugar da masaƙun ke kaɗawa daga kudancin Amurka ta ke zuwa, kuma bayi baƙar fata ne ke noma ta, su tsince ta, ba a biyansu ko anini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yaƙin basasa ya tashi a Amurka a 1861, jiragen yaƙin Lincoln suka tsare tashoshin kudu, auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, dubban iyalai suka koma cin sadaka. Da yawa cikin attajirai, musamman na Libaful, suna son Ingila ta goyi bayan masu bayi don auduga ta komo. Amma ran 31 ga Disamba 1862 ma'aikata suka taru a zauren nan na filin St Peter, suka rubuta wa Lincoln takarda suna ƙarfafa masa gwiwa ya kashe bauta, ko da ya ke su ne ke kwana da yunwa saboda yaƙin. Ya ba su amsa cikin Janairu 1863 yana yaba musu. Ba duk ma'aikatan lardin ne ke da wannan ra'ayi ba, amma waɗanda suka taru a daren nan sun yi abin da ba kowa ke iyawa ba, kuma sunayensu ba su kan titi. Bayin da suka noma audugar kuwa, sai a 2023 masu jaridar Guardian suka fito suka nemi gafara, bayan bincike ya nuna dukiyar da aka kafa ta da ita tana da alaƙa da gonakin bayi.

Wannan yunwar auduga ta koya wa masu masaƙu kada su dogara ga ƙasa ɗaya. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki, suka sa rai ƙwarai a kan ƙasar Hausa, suka goyi bayan a ja hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano. Jirgi ya isa a 1911, aka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Amma masaƙan Kano sun fi Turawa sayen auduga da daraja, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, sai jirgin da aka yi don auduga ya koma ɗaukar gyaɗa.

Cikin manyan sunayen garin, wadda ba a gardamar 'yar gida ce ita ce Emmeline Pankhurst, an haife ta a unguwar Moss Side a 1858. Bayan rasuwar mijinta a 1898 ta kama aikin rubuta haihuwa da mutuwa a wata unguwa, inda ta ga irin wahalar matan talakawa. A 1903, cikin ɗakin gidanta, ita da 'ya'yanta suka kafa ƙungiyar nema wa mata ikon jefa ƙuri'a. Sun ga lallashi na shekara da shekaru bai yi amfani ba, sai suka ɗauki hanyar tsiya. A 1905 'yarta Christabel da wata ma'aikaciyar masaƙa, Annie Kenney, suka tashi a tsakiyar taron 'yan siyasa cikin zauren nan dai, suka yi ta tambaya ko za a ba mata ƙuri'a, har aka fitar da su aka ɗaure. Daga baya abin ya kai ga fasa tagogi da sa wuta a gine-gine, da ƙin cin abinci a kurkuku, har wasu masu goyon bayansu suka ja da baya. A 1918 aka ba wa mata masu shekara 30 ƙuri'a bisa wasu sharuɗɗa, a 1928 aka daidaita su da maza. Ita kuwa ta rasu cikin Yuni na 1928, saura 'yan makonni dokar ta tabbata. Wata 'yar tata, Sylvia, ta ƙare rayuwarta a Habasha, a Adis Ababa aka binne ta a 1960.

Ƙwayar zarrar da Dalton ya ce ba ta tsaguwa, a garin nan aka fara leƙa cikinta. Ernest Rutherford, ɗan manomi daga Niyu Zilan, ya zo jami'ar Manchesta a 1907. Da taimakon Hans Geiger, Bajamushe, da wani ɗalibi Ernest Marsden, aka riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi a kan fallen zinariya wanda ya fi takarda sirantaka. Yawancinsu suka wuce kamar ba kome a gabansu, amma jefi-jefi sai wata ta yi tsalle ta komo baya. Daga nan Rutherford ya gane, a 1911, cewa ƙwayar zarra kusan duk sarari ce, nauyinta yana tattare a wata 'yar cibiya a tsakiya. A jami'ar nan kuma, cikin Yuni 1948, aka fara tayar da kwamfuta mai riƙe umarninta cikin ƙwaƙwalwarta. Wannan ya jawo Alan Turing, mutumin Landan, wanda ya taimaka wajen warware asirin saƙonnin sojan Jamus a yaƙin duniya na biyu. Shi bai ji daɗin baƙunci ba. A 1952 aka kai shi kotu saboda tarayya da namiji ɗan'uwansa, abin da dokar Ingila ta hana a lokacin, aka yi masa hukuncin allurai masu sāke halin jiki. A 1954 aka tarar da shi ya mutu da guba, yana da shekara 41. A 2013 Sarauniya ta yafe hukuncin, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam 50.

Wasu baƙin mako ɗaya tak suka yi, amma abin da suka ƙulla ya taɓa Afirka duka. Cikin Oktoba 1945 aka yi babban taron 'yan kishin baƙar fata karo na biyar a zauren unguwar Chorlton-on-Medlock. An zaɓi Manchesta ne don wani mutumin Gayana, Ras Makonnen, yana da gidajen sayar da abinci a garin, yana iya ciyar da wakilai ya sama musu masauki, a zamanin da masu gidajen haya da yawa ba su karɓar baƙin mutum. Dattijon nan na Amurka, Du Bois, yana wurin, yana da shekara 77. Akwai kuma wasu da ba a san su sosai ba tukuna: Kwame Nkrumah, da Jomo Kenyatta, da wani likita Hastings Banda. Tarurrukan baya roƙon gyara su ke yi, wannan kuwa mulkin kai ya nema kai tsaye. Jaridun Ingila ba su kula da shi ƙwarai ba. Kafin shekara 20 ta cika, mutanen nan uku kowa na riƙe da ƙasarsa, Gana a 1957, Kenya a 1963, Malawi a 1964. Da Nkrumah ya nemi mai ba shi shawara kan tattalin arziki, daga jami'ar Manchesta ya ɗauko shi, watau Arthur Lewis, mutumin tsibirin St Lucia, wanda ya zama farfesa a can a 1948, ya kuma sami lambar Nobel a 1979.

Har a fagen ƙwallo haka abin ya ke. Matt Busby, wanda ya sāke gina Manchester United bayan haɗarin jirgin sama na 1958 da ya kashe 'yan wasa 8, mutumin Sikotlan ne. George Best daga Belfast ya zo, Bobby Charlton kuwa ɗan mai haƙar kwal ne daga arewa maso gabas.

Audugar da ta tara su duka ta riga ta tafi. Bayan yaƙin duniya na farko Indiya da Japan suka ƙwace kasuwa, daga baya sauran ƙasashe suka kafa nasu masaƙun, har Kaduna ta buɗe tata a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfani na lardin Lankashiya. Tsofaffin masaƙun unguwar Ancoats an mai da su gidajen kwana da ofisoshi. Babban zauren cinikin auduga da ke tsakiyar gari, inda dubban dillalai kan taru ran Talata da Juma'a, an daina ciniki a cikinsa a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne. Allon farashi dai yana nan can sama jikin bango, ba a sauke shi ba, da kuɗin auduga na ranar ƙarshe a rubuce.